Raba jari da rusa ƙungiya: Abin da doka ta tanada kan bashi, haraji da ragowar dukiya

A unguwannin cikin birnin Bauchi irin su Ɗan Iya, da kasuwannin Wunti da Muda Lawal, ba baƙon abu ba ne a ga mutum biyu ko uku sun haɗa jari sun buɗe shago, ko matasan unguwa sun kafa ƙungiyar tallafa wa marayu har sun yi mata rajista. Haka kuma ba baƙon abu ba ne a wayi gari tafiyar ta zo ƙarshe, a sauke allon suna, a mayar wa mai shago makullinsa, kowa ya kama gabansa.

A wurin doka, rufe ƙofa bai kawo ƙarshen kasuwanci ko ƙungiya ba. Bashi yana nan a wuyan masu shi, hukumar haraji na ci gaba da lissafi, sunan kuma yana nan a kundin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC, har sai an bi matakan da aka shimfiɗa. Ƙa'idar da ta haɗa al'amarin duka ita ce a fara sauke haƙƙin mutanen waje, sannan a dubi abin da ya rage. A nan ne hanya ke rabuwa biyu: abokan kasuwanci suna raba ragowar a tsakaninsu, 'yan ƙungiyar da ba ta neman riba kuwa doka ta hana su ɗaukar ko kwabo.

Nau'in rajista ne ke nuna hanya

Dokar Kamfanoni da Al'amuran da Suka Shafe Su, wadda aka fi sani da CAMA, ita ce ginshiƙi. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya sanya wa sabuwarta hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, ta maye gurbin ta 1990.

Haɗin gwiwa na yau da kullum, wanda ake yi wa rajistar sunan kasuwanci kawai, ba shi da wata rayuwa ta daban da ta masu shi. Abin da shagon ya ci bashi, masu shagon ne suka ci. Dokar ta 2020 ta ƙara wasu nau'o'i biyu: haɗin gwiwar da wasu daga cikin abokan ke da iyakantaccen alhaki, da kuma wanda shi kansa yake zama kamar mutum a idon doka, mai iya mallakar dukiya da shiga ƙara da sunansa. Wannan na ƙarshe ana rufe shi ne bisa shawarar abokan ko da umarnin kotu, kuma ɗaya daga cikin dalilan da kotu ke karɓa shi ne abokan su gaza mutum biyu har fiye da wata 6.

Ƙungiyoyin addini, na agaji, na ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai galibi suna rajista ne da sunan kwamitin amintattu, ƙarƙashin sashe na 823 zuwa na 850 na dokar. Ƙungiyoyin gama kai suna da tasu dokar daban, kuma daraktan ƙungiyoyin gama kai ne ke soke rajistarsu ya naɗa wanda zai tattara dukiyarsu ya biya basussuka.

Yadda haɗin gwiwa ke ƙarewa

Ƙa'idojin zaman abokan kasuwanci a Najeriya sun samo asali ne daga Dokar Haɗin Gwiwa ta Ingila ta 1890, ɗaya daga cikin dokokin da ƙasar ta gada tun zamanin mulkin mallaka. Jihohin da ba su yi tasu ba suna aiki da ita, waɗanda suka yi kuma sun ɗebo mafi yawan ƙa'idojinta. Abu na farko da kotu ke dubawa shi ne yarjejeniyar abokan. Inda ta yi shiru, ko ba a rubuta ta ba, sai dokar ta cike giɓin.

Haɗin gwiwa na warwarewa da kansa idan wa'adin da aka ɗiba ya cika, ko aikin da aka haɗu domin shi ya kammala, kamar kwangilar gina aji ko sayen hatsi na kaka ɗaya. Idan ba a sa wa'adi ba, kowane aboki na iya kawo ƙarshensa ta hanyar sanar da sauran. Mutuwar ɗaya daga cikin abokan ko karyewar arziƙinsa a hukumance na warware shi, sai dai in an rubuta akasin haka tun farko. Haka kuma idan sana'ar ta zama haramtacciya a doka.

Kotu na iya raba abokan idan ɗaya ya samu taɓin hankali ko lalurar da ta hana shi aiki har abada, ko yana aikata abin da ke cutar da kasuwancin, ko yana karya yarjejeniya da gangan a kai a kai, ko ya tabbata cewa ba za a iya ci gaba ba sai da asara, ko kuma adalci ya nuna rabuwar ta fi.

Bashi ba ya tafiya da allon suna

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A haɗin gwiwa na yau da kullum alhakin bashi ba shi da iyaka. Idan kayan shago ba su isa biya ba, mai bin bashi na iya bin dukiyar abokan ta kashin kansu. Wanda ya fita daga haɗin gwiwa bai kuɓuta daga bashin da aka ci yana ciki ba, sai in mai bashin da sauran abokan sun amince a sauke masa.

Akwai wani tarko da ke kama mutane da dama. Dilan da ya saba ba shagon kaya bashi yana da haƙƙin ɗaukar tsohon aboki a matsayin yana nan, muddin ba a sanar da shi fitarsa ba. Saboda haka lauyoyi ke ba da shawarar a aika wa kowane tsohon abokin hulɗa takarda kai tsaye, a kuma buga sanarwa a jarida domin sauran jama'a.

Bayan an raba gari, ikon kowane aboki na ɗaure sauran da magana yana ci gaba ne kawai a kan abin da ya shafi kammala cinikin da aka riga aka fara da tattara dukiya. Ba shi da hurumin ƙulla sabon ciniki da sunan haɗin gwiwar.

Tsarin rabon dukiya

Dokar 1890 ta jera biyan kuɗi hawa huɗu. Na farko, basussukan mutanen waje. Na biyu, rancen da wani aboki ya ba kasuwancin ban da jarinsa. Na uku, mayar wa kowa jarinsa. Na huɗu, raba abin da ya rage gwargwadon yadda ake raba riba. Asara kuwa ana fara cire ta daga riba, sannan daga jari, in ta wuce nan abokan su biya daga aljihunsu. Inda ba a yi wata yarjejeniya ba, dokar na ɗaukar cewa daidai wa daida ake raba riba da asara, ko da jarin wani ya fi na wani.

Ga misali domin fahimta. A ɗauka wasu mutum biyu a Ɗan Iya sun buɗe shagon kayan gini. Na farko ya zuba Naira miliyan 6, na biyu miliyan 4, suna raba riba daidai. Daga baya na farko ya ranta wa shagon miliyan 1. Da aka tashi rabuwa, an sayar da kaya an karɓo basussuka, kuɗi ya kama miliyan 12. Diloli, mai shago, yaran shago da hukumar haraji na bin miliyan 3.

In aka biya su, saura miliyan 9. A mayar wa na farko rancensa, saura miliyan 8. Jarin da aka zuba miliyan 10 ne, ke nan an yi asarar miliyan 2. Bisa dokar 1890 kowa zai ɗauki asarar miliyan 1. Na farko zai tafi da miliyan 5 na jari da miliyan 1 na rance, na biyu ya tafi da miliyan 3.

Fiƙihun Musulunci na ba da wata amsar daban. Malamai sun haɗu a kan cewa asara a tarayyar dukiya tana bin gwargwadon jari, kuma a mazhabar Malikiyya da ake bi a Arewacin Najeriya ita ma riba haka take. A wannan lissafin na farko zai ɗauki asarar Naira miliyan 1 da dubu 200, na biyu dubu 800. Na farko ya tashi da miliyan 5 da dubu 800 haɗe da rancensa, na biyu miliyan 3 da dubu 200. Bambancin dubu 200 ya isa ya kai aminai gaban alƙali, kuma layi ɗaya a takardar yarjejeniya, mai nuna tsarin da aka zaɓa, ya isa ya hana hakan.

A ƙirali kuwa, inda wani ya ba da uwar kuɗi wani ya yi juyi, asarar kuɗi na kan mai kuɗi, mai juyi ya rasa wahalarsa, sai in ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi.

Idan aboki ya rasu

Magada ba sa zama abokan kasuwanci don kawai sun gaji mamaci. Abin da suke da shi shi ne darajar kasonsa a ranar da ya rasu. Dukiyar mamacin na ɗauke da alhakin bashin da aka ci yana raye, ban da wanda aka ci bayan rasuwarsa. Idan wanda ke raye ya ci gaba da juya kason mamacin ba tare da an yi lissafi ba, dokar 1890 ta ba magada zaɓi tsakanin ribar da kason ya jawo ko kashi 5 cikin 100 a shekara. Musulmin da ke ƙyamar ruwa yana da hanya ta farko.

A shari'ar Musulunci ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, kafin rabon gado. Don haka ya kamata a kammala lissafin shago kafin a zauna rabon gado, domin kason mamaci ba ya bayyana sai an fitar da haƙƙin masu bashi da na abokin tarayya.

Rusa ƙungiyar da ba ta neman riba

Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu tana rayuwa ko da waɗanda suka kafa ta sun rasu ko sun watse. Taron mambobi kaɗai ba ya kashe ta. Sashe na 850 na CAMA ya ɗora ikon rusa ta a hannun Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da reshe a Bauchi.

Masu hurumin shigar da buƙatar su huɗu ne: majalisar gudanarwar ƙungiyar, ɗaya ko fiye daga cikin amintattu, mambobin da yawansu ya kai aƙalla rabin ƙungiyar, ko hukumar CAC. Dalilan da ake karɓa sun haɗa da cikar manufar ƙungiyar ta yadda ci gaba da ita ba shi da amfani, ƙarewar wa'adin da aka kafa ta domin shi, zaman manufofinta saɓanin doka ko maslahar jama'a, da kuma ganin kotu cewa rusawar ita ce adalci. Dole ne a sanar da duk wanda hukuncin zai iya shafar haƙƙinsa, kamar ma'aikata, masu bin bashi da masu ba da tallafi.

A 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin soke wasu sassan dokar da suka shafi ƙungiyoyi, ciki har da sashe na 839 da ya ba CAC ikon dakatar da amintattu, wanda shugabannin addini suka yi ta ƙorafi a kansa. Sashe na 850 ba ya cikin waɗanda hukuncin ya taɓa.

Ƙungiyar da ƙarfinta ya ƙare amma aikinta bai ƙare ba tana da wata mafitar. Sashe na 849 ya halatta wa ƙungiyoyi biyu ko fiye masu manufa iri ɗaya su narke su zama ɗaya.

Ina ragowar dukiyar ke zuwa?

Bayan an biya basussuka, doka ta hana raba ragowar tsakanin mambobi. Ana miƙa ta ne ga wata ƙungiya mai manufa irin ta wadda aka rusa, wadda ita ma tsarin mulkinta ya hana rabon dukiya ga mambobinta. Mambobi ne ke zaɓar ta kafin rusawar ko a lokacinta. Idan hakan bai yiwu ba, sai a sanya dukiyar a wani aikin jinƙai.

Ma'ana, idan ƙungiyar marayu a Ɗan Iya ta mallaki keken ɗinki, motar ɗaukar marasa lafiya ko fili, wanda ya fi kowa ba da gudummawa ba shi da ikon cewa a mayar masa. Abin da ya bayar ya fita daga hannunsa tun ranar da ya bayar. Amintaccen da ya karkatar da irin wannan dukiyar na iya fuskantar ƙarar neman ya dawo da ita, da kuma tuhumar cin amana.

Kayan da aka saya da kuɗin masu ba da tallafi sukan zo da sharaɗi a takardar tallafin, kuma shi ake fara bi. Dukiyar waƙafi kuwa ba a sayar da ita, ba a gadon ta, sai dai a sauya mai kula da ita.

Lissafin haraji na ƙarshe

Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu kan sababbin dokokin haraji huɗu ranar 26 ga Yuni, 2025. Dokar Haraji ta Najeriya da Dokar Gudanar da Haraji sun fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, hukumar FIRS kuma ta koma Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Najeriya, NRS.

Haɗin gwiwa na yau da kullum ba ya biyan harajin kamfani. Ana lissafa ribar, a kasafta ta, kowane aboki ya biya harajin kuɗin shiga a kan kasonsa ga hukumar harajin jiha. Ga mazauna Bauchi, Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Bauchi ce ke karɓa. A sabon tsari Naira dubu 800 na farko a shekara ba su da haraji. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100, kason na hawa mataki-mataki har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Abokin da abin da za a yi masa haraji a kai ya kama miliyan 3 a shekarar ƙarshe zai biya dubu 330.

Sayar da kadara fiye da yadda aka saye ta, kamar fili ko shago, na haifar da harajin ribar kadara. Kafin 2026 kashi 10 cikin 100 ne. Yanzu ana haɗa ribar da sauran kuɗin shigar mutum a yi mata haraji bisa matakan da aka ambata. Takardun miƙa mallaka kuma suna buƙatar harajin hatimi.

Wanda ke karɓar harajin VAT, mai kashi 7.5 cikin 100, sai ya miƙa na ƙarshe kafin ranar 21 ga watan da ya biyo baya. Harajin da aka cire daga albashin ma'aikata ana kai shi kafin 10 ga watan da ya biyo baya. Waɗannan kuɗaɗe, da harajin da aka riƙe daga kuɗin 'yan kwangila ko na haya, amana ce ta gwamnati a hannun mai kasuwanci, ba sa shiga dukiyar da ake rabawa.

Ƙungiyar agaji, ta addini ko ta ilimi mai amfanar jama'a an yafe mata haraji a kan kuɗin da ba ta hanyar kasuwanci ta same su ba. Idan tana da gidan burodi ko zauren taro da take bayarwa haya, ribar nan na iya shiga haraji. Yafewar kuma ba ta ɗauke mata nauyin gabatar da bayanan shekara, da cire harajin albashi da na 'yan kwangila ba.

Dokar Gudanar da Haraji ta ba da kwana 30 a sanar da hukumar haraji cewa an daina aiki, domin a rufe lambar haraji. Wanda bai sanar ba tarar rashin gabatar da bayanai na iya ci gaba da taruwa a kansa wata bayan wata. Ana adana littattafan lissafi da rasit aƙalla shekara 6, domin bincike na iya zuwa bayan an rufe.

Haƙƙin ma'aikata

Dokar Ƙwadago ta ƙayyade mafi ƙarancin sanarwar sallama: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga mai shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Ana iya biyan kuɗi a madadin sanarwar. Inda Dokar Fansho ta 2014 ta shafi wurin aikin, sai an cike duk wani giɓi a asusun ma'aikata, wato kashi 10 cikin 100 daga mai aiki da kashi 8 daga ma'aikaci. Rikicin albashi da sallama na zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Fili, tsabar kuɗi da rufe rajista

Idan a cikin dukiyar akwai fili ko gini mai takardar mallaka ta gwamnatin jiha, sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a miƙa shi ga wani. Rumfar kasuwa da aka samu daga hukuma ita ma tana da sharuɗɗan sauya suna.

Dokar Hana Halatta Kuɗin Haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5, kamfani ko ƙungiya fiye da miliyan 10, sai ta banki. Biyan kaso ta banki na barin shaidar da za ta yi amfani in gardama ta taso.

Abokan da suka daina kasuwanci suna da wata 3 su sanar da CAC domin a cire sunan daga kundi. Hukumar kan nemi a cike rahoton shekara-shekara da ake bin su kafin ta rufe fayil. Asusun banki da na'urar POS su ne ake rufewa a ƙarshe, bayan duk cek da biyan kuɗi sun wuce.

Inda ake kai ƙara

Saɓanin abokan haɗin gwiwa na yau da kullum kan lissafi da rabo yakan je Babbar Kotun Jiha. Abin da ya taso daga aiki da dokar CAMA, Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe shi ga Babbar Kotun Tarayya a sashe na 251. Gado, wasiyya, kyauta da waƙafi tsakanin Musulmi na ƙarƙashin kotunan shari'ar Musulunci, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Sulhu ta hannun shugabannin kasuwa, malamai ko masu unguwa ya fi sauri da sauƙin kashe kuɗi, kuma yana ƙara ƙarfi idan an rubuta shi, an sa hannu gaban shaidu.

Takardar rabuwa mai inganci tana ɗauke da ranar da aka daina aiki, jerin kadarori da darajarsu, sunayen masu bin bashi da waɗanda ake bi, wanda zai karɓo kowane bashi, wanda zai ci gaba da amfani da sunan shagon da lambar wayarsa, da wanda zai riƙe littattafai har shekara 6 su cika. Kuɗin lauya da akanta a wannan mataki ba ya kai kuɗin shari'ar da kan biyo bayan rabuwar baka.